Abin Da Ke Hana Irin Itatuwan Magani Tsirowa A Ƙasa Mai Zartsi

Ran Alhamis, in mutum ya shiga kasuwar Shinkafi ya wuce 'yan hatsi da 'yan albasa, zai tarad da magori ya shimfiɗa tabarmarsa, ya jera saiwoyi da sassaƙe da ƙulle-ƙullen ganye, yana ta wasa kansa da kansa kamar yadda a ka san shi. Ga filasko na wanke ciki, ga ganyen sabara da na geza, ga bagaruwa wadda majema da masu ciwon ciki su ke rububinta, ga aduwa, ga saiwar anza. Haka abin ya ke a Kaura Namoda da Zurmi da Moriki. Ba mu ce waɗannan sun maye gurbin asibiti ba, ciwo in ya yi tsanani wurin likita a ke kai shi. Amma kowa ya san talaka da su ya ke fara kai wa kansa gudummawa, kuma akwai gidaje da yawa da ba su da wata sana'a sai ɗibarsu da sayarwa.

To, wannan kaya duk daga daji ya ke fitowa, daji kuwa yana ta ja da baya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929 a ka buɗe cinikin gyaɗa da auduga, gonaki su ke ta cin jeji. Jama'a ta ƙaru, masu itacen wuta da masu gawayi su ka bi abin da ya rage. Sa'an nan ga rashin zaman lafiya da ya addabi wannan yanki fiye da shekara goma, har a 2021 a ka rufe kasuwannin mako na Jihar Zamfara na wani lokaci. Dazuzzukan wajen Dumburum, inda da mutum zai shiga da gatari da buhu ya fito da kayan wata guda, sun zama wurin da mai iyali ba ya shiga da ganganci.

Saboda haka tunanin da kowa zai yi shi ne a shuka itatuwan nan kusa da gida, a bayan gari ko a gefen lambu, kusa da rijiya. Tunani ne mai kyau, muna goyon bayansa. Sai dai wanda ya gwada zai iya gamuwa da abin mamaki. Ya samo iri mai kyau, ya binne da rani, yana ban ruwa safe da yamma, ƙasa a jiƙe, a yi mako uku ba a ga ko kore ɗaya ba. Sai ya ce irin ne ya mutu, ko gara ta ci, wani ma ya ce hannu a ka sa masa. Alhali ga itacen nan iri ɗaya tsaye a kan faƙo, ba mai ba shi ruwa, yana ta 'ya'ya. Sau da yawa laifin na gishirin da ya taru a saman ƙasa ne. Itacen hamada in ya girma yana jure gishiri ƙwarai, amma ƙwayarsa a lokacin tsirowa ba ta da wannan juriya, abin da mu ke so mu bayyana ke nan.

INA GISHIRIN YA FITO?

Mai karatu zai ce, yaushe a ka yi gishiri a Zamfara? Ai nan ba Bilma ba ce, ba Manga ba ce. Gaskiya ne. Yawancin ƙasar tudu ta Kaura Namoda da Zurmi da Shinkafi jigawa ce, ruwan damina yana ratsa ta ya wanke ta kowace shekara, ba a kiranta ƙasa mai gishiri. Gishirin da mu ke magana a kai tabo-tabo ne. A kan same shi a ƙasan fadama inda ruwa ke kwanciya ya ƙafe, da fangalin da a ka shekara da shekaru a na ba shi ruwan rijiya, da ledar renon dashe, da kewayen turke da bayan gida. Abin takaici, waɗannan su ne ainihin wuraren da mai son shuka itacen magani zai nufa, don nan ruwa ya ke.

Kowane ruwan ƙasa, na rijiya ne ko na burtsatse ko na gulbi, yana ɗauke da ɗan gishiri narkakke da ya kwaso daga duwatsu. In ya yi yawa harshe ya kan ji, mu ce ruwan yana da zartsi. In kaɗan ne ba a ji. Bari mu yi ɗan lissafi irin na 'yan aji shida. A ce ruwan rijiya yana da rabin giram na gishiri a kowace lita, ruwan da kowa zai sha bai yi ƙorafi ba. A ce mai lambu yana zuba jarka ɗaya mai lita 20 kullum a fangali ɗaya, tun daga Janairu har ƙarshen Afrilu, kwana 120. Ya zuba lita 2,400 ke nan. Rana da iskar hunturu su kwashe ruwan, gishiri kuwa ba ya tashi sama, nan ya ke zama. Ƙarshen rani an bar kilo 1 da giram 200 a fangali guda. Ba dukansa ne mai cutarwa ba, wani sashe alli ne irin wanda ke kama cikin buta, amma abin da ya rage ya isa ya yi ɓarna.

Kuma ba ya watsuwa cikin ƙasa daidai wa daida. Ruwa yana hawowa daga ƙasa zuwa sama kamar yadda kananzir ke bin lagwani, ya ƙafe a fuskar ƙasa, ya bar kayansa nan. Shi ya sa a kan ga fari-fari a kan tsororuwar kunya da bakin fangali, irin farin da ke fitowa a jikin tsohon tulu. Wurin da ya fi ko'ina gishiri shi ne ɗan saman nan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, nan kuwa a ke binne iri.

Akwai kuma wanda mu ke zubawa da hannunmu. Toka da ruwan toka, da ruwan wanki mai sabulu, da fitsarin dabbobi a turke, da kashin kaji ɗanye, duk suna ƙara shi. Takin zamani ma yawancinsa dangin gishiri ne, shi ya sa manomin da ya zuba shi cikin rami ɗaya da iri ya kan ce taki ya ƙone masa shuka.

Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce ta masu lambu. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fid da rahoto a 2024 cewa ƙasar da gishiri ya taɓa a duniya ta kusa hekta miliyan 1,400, watau fiye da kashi 10 cikin 100 na busasshiyar ƙasa duka. A 1958 waɗansu masana biyu, Jacobsen da Adams, sun bincika tsofaffin rubuce-rubucen ƙasar Iraƙi, su ka ce mutanen can na zamanin da sun yi ta ban ruwa daga kogunan Dijla da Furatu har gishiri ya hau gonakinsu, su ka bar alkama su ka koma sha'ir mai juriya, kimanin shekara 4,000 da su ka wuce. Waɗansu masana sun yi musun girman abin, amma ba wanda ya musa cewa ban ruwa ba magudana yana tara gishiri. Darasin ya shafi manyan ayyuka irin na Bakolori, wanda a ka gama madatsarsa a 1978, ya kuma shafi mai ƙaramin inji a bakin Gagare ko Bunsuru.

ƘISHIRWA A CIKIN RUWA

Ƙwayar iri busasshiya rai ne a kwance. Ba ta farkawa sai ta sha ruwa ta kumbura. In ta ƙoshi, sai abincin da uwarta ta ajiye mata a ciki ya fara narkewa, 'yar saiwa ta fasa ɓawo ta leƙo, daga baya kai ya biyo. In ruwan da ta sha bai kai wani mizani ba, ko kusa ta yi da shi, saiwar ba za ta fito ba.

Gishiri yana riƙe ruwa. Kowace mace ta san in ta barbaɗa shi a kan yankakkiyar albasa ko tumatir, nan da nan ruwa zai tsattsafo. Masu fata sun san shi ke tsotse danshin ƙirgi, yara kuma sun san abin da ya ke yi wa matsattsaku. Ƙa'idar ita ce ruwa yana barin inda narkakkun abubuwa su ka yi kaɗan ya nufi inda su ka yi yawa. To, in ruwan da ke kewaye da ƙwaya yana da gishiri, sai a shiga ja-in-ja, ƙwaya tana ja, ƙasa tana ja. Da farko ƙwaya ta kan rinjaya don busasshiya ce ƙwarai, ta sha ta ɗan kumbura. Amma shan ƙarshe, wanda zai tura saiwa waje, shi ke gagara. Mai lambu ya taɓa ƙasa ya ji ta sharkaf, bai san ƙwayar tana fama da ƙishirwa ba.

Wannan ita ce cuta ta farko, kuma tana da sauƙi, don in a ka kawar da gishirin ƙwaya ta kan ci gaba daga inda ta tsaya. Ta biyu ta fi muni. Gishirin miya abu biyu ne a haɗe, masana suna kiransu sodiyam da kulorin. In ƙwaya ta daɗe a jiƙe cikinsu, su kan kutsa ciki, sodiyam ya ture wani sinadari mai amfani da a ke kira fotashiyam ya zauna a gurbinsa, alhali ba ya iya aikinsa. Sai narkar da abinci ta tsaya, fatar ƙananan ɗakunan rai ta yi ta yoyo, ɗan tsiron ya mutu a cikin ɓawo. Wannan kam ko an kawo ruwan sama ba ya dawowa. Tsakanin biyun kuma akwai jinkiri. Irin da zai fito a kwana huɗu ya kai kwana goma sha biyar, ya fito da gajeriyar saiwa mai baƙin baki, kafin ya kai ga danshi na ƙasa rana ta gasa shi, ko ruɓa ta riga shi.

Masana sun sa ma'auni. Tun 1954 ma'aikatar binciken gishirin ƙasa da ke Ribasaid a Kalifoniya ta Amurka ta yanke cewa in a ka kwaɓa ƙasa a ka tace ruwanta, a ka sami abin da ya kai kimanin giram 2 da rabi a lita, to, ƙasar ta shiga sahun masu gishiri. Ruwan teku, don a kwatanta, yana da giram 35 a lita. Amfanin gona kuwa ba juriyarsu ɗaya ba. Albasa ta kan fara raguwa tun gishirin bai kai giram 1 ba, masara na biye da ita, dawa sai ya wuce giram 4, auduga da sha'ir sun fi su duka. Don haka mai lambun Shinkafi yana da ɗan leƙen asiri a fangalinsa. In ya ga bakin ganyen albasarsa yana ƙonewa ba tare da wata cuta ba, kada ya binne irin magani a nan.

KANWA TA FI GISHIRI ƁARNA

Mu Hausawa mun daɗe da rarrabe gishiri da kanwa, muna da balma da manda da kantu a gefe ɗaya, ungurnu da jar kanwa a ɗaya gefen. Tsiro ma yana rarrabewa. Kanwa tana yin duk abin da gishiri ke yi, ta ƙara da nata. Dubi abin da ta ke yi wa wake a tukunya, ta lausasa shi ya farfashe. Haka ta ke cin 'yar saiwa ɗanya. A gwaje-gwajen da a ke yi wa iri daban-daban, abin da a ka saba gani shi ne kanwa kaɗan ta hana tsirowar da gishiri mai yawa bai hana ba.

Ta kan kuma ɓata ƙasar kanta. Laka mai lafiya dunƙule-dunƙule ta ke, da 'yan ƙofofi da ruwa da iska ke bi. Sodiyam na kanwa ya kan warware dunƙulen, laka ta narke ta toshe ƙofofin. Da damina wurin ya yi santsi, ruwa ya kwanta bai shiga ba. Da rani ya bushe ya yi ɓawo kamar daɓe, ko ƙwaya ta tsira ba ta iya huda shi. Wani lokaci a kan ga baƙi-baƙi a sama maimakon fari, ruɓaɓɓen ganye ne kanwar ta narkar ta hawo da shi. Irin wannan ƙasa wanki kaɗai ba ya gyara ta, sai an haɗa da taki mai yawa ruɓaɓɓe, in da hali a sa garin farin dutsen nan da a ke kira jifsam, wanda a ke sa wa siminti, a na kuwa samunsa a ƙasar Sakkwato wajen Dange da Wurno.

BABBA YA JURE, ƘARAMI YA KASA

Yanzu mu koma kan itatuwan. Likita Dalziel, wanda ya yi aikin asibiti a Arewa, ya tattara sunayen itatuwanmu na Hausa ya buga a 1916, sa'an nan a 1937 ya fid da babban littafinsa na amfanin tsire-tsiren Afirka ta Yamma. Wanda ya duba zai ga yawancin abin da magori ke shimfiɗawa yau yana ciki, kuma da yawansu 'yan busasshiyar ƙasa ne, tun daga Sanigal har Sudan, waɗansu har Makka da Indiya.

A cikinsu ba wanda ya kai itacen asawaki jure gishiri. A bakin Tafkin Cadi har ƙona shi a kan yi a tace tokar a dafa, a sami gishirin miya, don yana tara gishiri a ganyensa. Amma ko shi, in a ka jiƙa ƙwayarsa a ruwan gishiri, tsirowa ta kan ragu ta kuma yi jinkiri gwargwadon yawan gishirin. Tumfafiya, wadda ke fitowa a kufai da bakin hanya inda kome ya ƙi, haka ita ma. Aduwa da bagaruwa da magarya su kan tsaya a ƙasa mai nauyi mai ɗan zartsi su yi shekaru, amma dashensu ƙanana ba su son ta.

Dalili a fili ya ke. Babban itace yana da saiwa mai zurfi da ta wuce ɓawon gishiri ta kai ga ruwa mai daɗi. Yana da dabarar tace abin da zai shiga saiwarsa, abin da ya shiga kuma ya kan tura shi cikin tsofaffin ganye ya kakkaɓe su. Yana iya tara sukari da makamantansa a jikinsa don ya fi ƙasa ƙarfin jan ruwa. Ƙwaya ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Guzurinta ɗan kaɗan ne, kuma an ajiye ta a inda gishiri ya fi yawa.

To, yaya a ka yi itatuwan nan su ka wanzu a hamada? Da haƙuri. Ƙwayar da ta faɗi da kaka ta kan kwanta a bushe rani duka, gishiri ba ya cutar busasshiyar ƙwaya. Yayyafin farko ba ya isarta, don ruwan kaɗan ne, gishirin saman ƙasa ya narke a ciki ya yi kauri, sai ta ƙi motsi. Sai an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku, ya tura gishirin ƙasa, sa'an nan ta sha ta tsira, a lokacin da damina ta kankama. Watau ƙin tsirowar nan da ke ba mai lambu haushi, a daji ita ke tsare ƙwaya daga fitowa ba a kan kari ba. Masu binciken tsire-tsiren fadamun gishiri a Pakistan da ƙasashen Larabawa sun sha nuna cewa iri da yawa da su ka ƙi tsira a ruwan gishiri, da an mai da su ruwa mai daɗi sai su fito cikin 'yan kwanaki. Mai ban ruwan rani ya kan ɓata wannan tsari ba da saninsa ba. Yana jiƙa ƙwaya kullum da ruwa kaɗan-kaɗan, bai ishe ta tsira ba, bai kuma bar ta ta bushe ta huta ba, har gishiri ya shige ta.

Sai dai a yi hattara, ba kowane ƙin tsirowa ne na gishiri ba. Filasko da tafasa da bagaruwa da kalgo suna da ɓawo mai tauri da ruwa ba ya ratsawa. A daji cikin akuya da zafin rana ke lausasa shi, shi ya sa a kan ga bagaruwa ta fito a tsohon makwancin awaki. A gida sai a ɗan goga gefen ƙwayar a dutse, ko a zuba mata ruwan zafi a bar ta ta kwana a ciki. Anza da asawaki kuwa nasu daban ne, irinsu ba ya ajiyuwa, in ya daɗe ya mutu, sai a wanke naman 'ya'yan a shuka da wuri. Ga hanyar ganewa. A tono ƙwayar da ta ƙi fitowa. In tana nan da taurinta kamar tsakuwa, ɓawo ne. In ta kumbura ta tsaya, ko ta fid da 'yar saiwa ta yi baƙi, a tuhumi gishiri.

DABARAR MASU GISHIRIN FOGA

A 1853 Baturen nan matafiyi Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya taso daga Katsina ya bi ta Zurmi da Badarawa, ya ratsa dajin Gundumi zuwa Wurno. Da ya ci gaba yamma a wannan shekara ya iso kwarin Foga, a ƙasar Nijar ta yau, ya ga yadda a ke yin gishiri. Mutanen can su kan kankare ƙasar kwarin, su zuba cikin abin tacewa na kara da ciyawa, su kwarara ruwa a kai, ruwan ya zubo da gishirin, su dafa shi ya daskare. Aikin mai reno shi ne wannan daidai, bambancinsu ɗaya ne. Mai gishiri ya riƙe ruwan ya zubar da ƙasar, mai reno ya riƙe ƙasar ya bar ruwan ya tafi.

Ma'anar wannan ita ce ruwan da za a ba fangali ko leda kafin shuka ya zama mai yawa a tashi ɗaya, har ya ratsa ya fita ta ƙasa, kuma a tabbata yana da mafita. Ledar da ba a huda gindinta ba tukunyar dafa gishiri ce. Ƙasar cika leda a ɗebo ta daga jigawa a haɗa da taki wanda ya shekara, kada a ɗebo daga bakin rijiya ko juji mai toka. In akwai farin ɓawo a kankare shi a zubar nesa kafin a jiƙa. A kan kunya kada a binne iri a tsororuwa, a sa shi a kafaɗa, ɗan sama da inda ruwa ke tsayawa. A rufe ƙasa da ƙaiƙayi ko ciyawa don rana ta rage tsotsa. Wanda ke da rufin kwano ya tara ruwan sama a tanki ko randa, ko na makon tsirowa kaɗai ne, don bayan dashe ya yi ganye huɗu ko shida ya fi iya ɗaukar ruwan rijiya.

Mafi sauƙi duka, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne a jira. Mu a ganinmu shuka irin itacen daji kai tsaye a ƙasa da rani ɓata iri ne. A bari sai an yi ruwa mai ƙarfi biyu ko uku, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, lokacin da sama ta yi wankin da kanta.

Akwai ma hanyar da ta kauce wa ƙwaya ɗungum. Maƙwabtanmu na Maradi, tun wajen 1983, su ka fara barin kututturen da ke tohowa a gonakinsu maimakon sassabe su ƙurmus. Su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Suna kiran abin sassaben zamani, an kuma ƙiyasta ya mai da itatuwa a kan hekta wajen miliyan 5 a Nijar. Sabara da geza da kalgo duk masu toho ne daga kututture, saiwarsu ta riga ta yi zurfi, ba ruwanta da ɓawon gishiri. Manomin Zurmi da ke sare sabara kowace bazara ya ƙone, sa'an nan ya je kasuwa ya sayi ganyenta, ya kamata ya sake lissafi. Iri sai a ajiye wahalarsa don waɗanda su ka ɓace daga wurin sam, kamar filasko da anza a waɗansu garuruwa.

AIKIN MALAMAI

Zamfara tana cikin jihohi 11 da shirin nan na Babbar Katangar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, don haka maganar renon dashe za ta yi ta zuwa teburin ma'aikatan ƙananan hukumomi, magadan En'e ta da. Roƙonmu gare su shi ne kafin a sa hannu a kan wurin reno a auna ruwan rijiyar da za a yi amfani da ita. Akwai ɗan ƙaramin awo na lantarki da a ke tsomawa a ruwa ya nuna yawan gishiri nan take. Ƙa'idar hukumar abinci ta duniya ita ce ruwan da bai kai giram 0.45 a lita ba lafiya lau ne, daga nan zuwa giram 2 sai da lura, abin da ya haura giram 2 kuwa haɗari ne. A auna a watan Afrilu, lokacin da rijiya ta ja baya, don awon kaka ya kan ruɗi mutum. Ƙasa kuma a na iya aika ta Samaru, inda a ke binciken aikin gona tun 1922.

Malaman makaranta kuwa ga gwajin da za su yi da yara, ba ya bukatar kome sai faranti biyar da tsumma mai tsabta da kwalabe na lita guda. A cika kwalabe biyar da ruwan sama. Ta farko a bar ta haka. Ta biyu a sa rabin ƙaramin cokali na gishiri, ta uku cokali ɗaya, ta huɗu cokali biyu. Ƙaramin cokali a shafe yana ɗaukar wajen giram 6, don haka ko ta huɗun ba ta wuce sulusin ruwan teku ba sai da kaɗan. Ta biyar a sa rabin cokali na garin kanwa. A shimfiɗa tsumma a kowane faranti, a jera ƙwaya 20 na tafasa ko filasko da a ka goga wa ɓawo, a jiƙa kowane da ruwan kwalbarsa, a kife da wani faranti don kada ya ƙafe, a ajiye a inuwa. In za a gwada tumfafiya, malam ya ɗebo irin da kansa daga busasshen ƙwanso, don ƙaronta yana cutar ido.

Kowace safiya yara su ƙirga waɗanda su ka fid da saiwa su rubuta a allo, su kuma auna tsawonta da rula. Ran kwana na goma a tsince waɗanda su ka ƙi, a ɗauraye su, a mai da su sabon tsumma da ruwan sama zalla, a ci gaba da ƙirga har kwana bakwai. Waɗanda su ka fito a wannan karo ƙishirwa ce ta tsare su, waɗanda su ka ruɓe guba ce ta kashe su. In an gama, sai a sake gwajin da ruwan rijiyar makaranta da na burtsatsen unguwa, kowane da farantinsa, a aika da sakamakon ofishin gona na ƙaramar hukuma tare da sunan rijiyar da watan da a ka ɗebi ruwan.